Aƙidar ɗan takara, nazariyyar Darwin da kujerar shugaban ƙasa: Abin da ya shafi mai zaɓe a gaɓar Tafkin Kainji

Duk lokacin da kakar zaɓe ta gabato, tambayar da takan riga kowace fitowa a kasuwanni da ofisoshi da majalisun Arewa ita ce ta addinin ɗan takarar shugaban ƙasa da na mataimakinsa. A Amurka akwai wata tambaya mai kama da wannan da aka shafe shekaru ana jefa wa masu neman kujerar: shin ɗan takara ya yarda da nazariyyar juyin halitta ta Darwin, ko kuwa yana kan imanin cewa Allah Ya halicci ɗan Adam kai tsaye? Ba a saba yi wa 'yan takarar Najeriya wannan tambaya ba. Amma nazariyyar tana cikin darasin ilimin halittu na manyan makarantun sakandare, tana fitowa a jarrabawar WAEC da NECO, kuma wani ɓangare nata yana da hannu a cikin maganin da ake ba yaro mai zazzaɓi a Yelwa ko Wara ko Shanga. Don haka akwai amfani a rarrabe abin da yake na aƙida da abin da yake na mulki a cikin wannan batu.

Abin da nazariyyar ta ƙunsa

A ranar 24 ga Nuwamba, 1859, Baturen Ingila Charles Darwin ya fitar da littafinsa kan asalin nau'o'in halittu. Jigon maganarsa mai sauƙi ne. 'Ya'yan kowace halitta ba sa zuwa iri ɗaya, kuma ana haifar fiye da waɗanda abinci da muhalli za su iya ɗauka. Waɗanda siffofinsu suka fi dacewa da wurin da suke su ne suka fi rayuwa har su hayayyafa, sai 'ya'yansu su gaji waɗannan siffofi. Idan aka daɗe ana wannan tankaɗe da rairaya, nau'in yakan sauya. A 1871 ya fitar da wani littafin inda ya shigar da ɗan Adam cikin lissafin, yana mai cewa mutum da manyan birai sun haɗa kaka a can da nisa. Bai ce birin da muke gani a yau ne ya rikiɗe ya zama mutum ba, kodayake haka maganar ta fi yaɗuwa a bakin jama'a.

Daga nan za a ga cewa abu biyu ne aka ɗaure a igiya ɗaya. Na farko shi ne sauyin da ake iya gani a auna a cikin 'yan shekaru, kamar yadda sauro ke daina mutuwa da maganin da a da yake kashe shi. Na biyu shi ne bayani kan asalin ɗan Adam. Kusan duk masana ilimin halittu na duniya sun karɓi duka biyun a matsayin ginshiƙin fanninsu. A kan na biyun ne saɓani da malaman addini ya fi tsanani.

Matsayin malaman addini

Musulmi sun yi imani cewa Allah ne Mahaliccin komai, kuma Shi Ya halicci Annabi Adamu (AS) daga ƙasa ba tare da uwa ko uba ba. Mafi yawan malaman Arewa suna ɗaukar wannan a matsayin nassi da ba ya karɓar tawili. Game da sauran halittu kuwa, maganganun malamai sun bambanta tun daga ƙarni na 19. Jamaluddin al-Afgani ya yi wa Darwin raddi mai zafi a 1881, a cikin risalarsa ta martani ga masu cewa babu komai sai abin da ido ke gani. Bayan shekara bakwai, a 1888, Shaihu Husaini al-Jisr na birnin Tarabulus da ke Labanan ya ɗauki wata hanya. A ganinsa nazariyyar ba ta kai matsayin tabbas ba, amma ko da za ta tabbata ba za ta kore samuwar Mahalicci ba, domin Shi ne mai tsara sababi da abin da sababin ya haifar.

A yau ana iya kasa ra'ayoyin malaman Musulunci gida uku. Akwai masu watsi da nazariyyar baki ɗaya. Akwai masu karɓar sauyin dabbobi da tsirrai da ƙwayoyin cuta a matsayin sunnar Allah a cikin halittarSa, amma su keɓe Annabi Adamu (AS). Akwai kuma 'yan tsiraru da ke karɓar ta gaba ɗaya tare da tawili. Akan kuma ambaci al-Jahiz na Basra, wanda a ƙarni na 9 ya yi rubutu kan yadda dabbobi ke gwagwarmayar neman abinci da yadda muhalli ke tasiri a kansu, da Ibn Khaldun, wanda a 1377 ya yi magana kan hawa-hawar halittu. Babu ɗayansu da ya faɗi abin da Darwin ya faɗa, amma rubuce-rubucensu sun nuna cewa lura da halittu da neman dalilansu tsohon aiki ne a wurin malaman Musulmi.

Kiristoci ma ba bakinsu ɗaya ba. Cocin Katolika, tun daga wasiƙar Paparoma Pius na 12 a 1950, ya bar ƙofar bincike kan juyin halittar jiki a buɗe, da sharaɗin cewa rai daga Allah yake kai tsaye. Paparoma John Paul na Biyu ya ƙara ƙarfafa wannan matsayi a 1996. A ɗaya ɓangaren, majami'u da dama na Amurka da Afirka suna riƙe da cewa an halicci duniya cikin kwana shida irin namu, shekaru 'yan dubbai da suka wuce. Wani babban limamin coci a ƙasar Ayalan, James Ussher, ya lissafa a 1650 cewa an yi halittar a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Musulunci bai ƙayyade wa duniya irin wannan adadi ba. Masana ilimin ƙasa kuwa sun ƙiyasta shekarunta da kusan biliyan 4.5.

Yadda batun ya shiga siyasar Amurka

A watan Yulin 1925 aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, a garin Dayton na Jihar Tennessee, saboda ya saɓa dokar jihar da ta hana koyar da juyin halittar ɗan Adam. Cikin masu gabatar da ƙara akwai William Jennings Bryan, wanda ya yi wa jam'iyyar Dimokurat takarar shugaban ƙasa har sau uku, a 1896 da 1900 da 1908. An ci Scopes tarar dala 100. Sai a 1968 Kotun Ƙolin Amurka ta soke irin waɗannan dokoki, a 1987 kuma ta hana jihohi tilasta koyar da labarin halitta na addini a ajin kimiyya na makarantun gwamnati.

Hukuncin kotu bai kashe muhawarar ba. Ƙuri'ar jin ra'ayi da cibiyar Gallup ke yi tun 1982 takan nuna cewa kusan kashi 40 cikin 100 na Amurkawa sun yi imani Allah Ya halicci mutum a siffarsa ta yanzu. A ranar 3 ga Mayu, 2007, a wata muhawara ta masu neman tikitin jam'iyyar Rifablikan, an nemi wanda bai yarda da juyin halitta ba ya ɗaga hannu. Uku daga cikin goma suka ɗaga: Sam Brownback da Mike Huckabee da Tom Tancredo. John McCain, wanda daga baya ya samu tikitin, ya ce ya yarda da nazariyyar kuma yana ganin ikon Allah a cikin halitta. Duk da haka, kundin tsarin mulkin Amurka ya haramta gindaya sharaɗin addini ga kowane muƙamin gwamnati. Tambayar ta masu zaɓe ce da 'yan jarida, doka ba ta san da ita ba.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Sashe na 131 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya gindaya sharuɗɗa huɗu ga mai neman shugabancin ƙasa. Dole ya zama ɗan Najeriya ta hanyar haihuwa. Dole ya kai shekara 35, bayan gyaran 2018 da ya rage daga 40. Dole ya zama ɗan wata jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi. Dole kuma ya yi karatu aƙalla zuwa matakin takardar shaidar kammala sakandare ko makamanciyarta. Sashe na 137 ya lissafa abubuwan da ke hana mutum tsayawa, ciki har da zama ɗan ƙungiyar asiri, da gabatar wa hukumar zaɓe takardar jabu. Babu inda aka ambaci addini ko ra'ayin mutum kan wata nazariyya ta kimiyya.

Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin aƙida, sashe na 222 kuma ya hana jam'iyya sanya alamar addini ko ƙabila a sunanta ko tambarinta. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka gudanar da zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada. Sashe na 97 na dokar ya tanadi tarar da ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun, ga wanda ya yi kamfe da sunan addini ko ƙabila, da tarar da ta kai naira miliyan 10 idan jam'iyya ce.

Abin da ke faruwa a filin siyasa ya sha bamban da wannan. A 1979 Obafemi Awolowo ya tsaya tare da Philip Umeadi, Nnamdi Azikiwe kuma tare da Farfesa Ishaya Audu, dukkansu Kiristoci. A zaɓen 12 ga Yunin 1993, Moshood Abiola da Babagana Kingibe, Musulmi biyu, sun samu ƙuri'u daga Kudu da Arewa, har Abiola ya doke Bashir Tofa a Kano. Bayan shekara 30, tikitin Bola Tinubu da Kashim Shettima ya tayar da ƙurar da ba a ga irinta ba a 1993, aka yi ta wa'azi a kansa a masallatai da majami'u. Sakamakon Jihar Kebbi abin lura ne: Atiku Abubakar, wanda mataimakinsa Kirista ne, ya samu ƙuri'u sama da 285,000, Tinubu kuma sama da 248,000. A jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000, tikitin Musulmi biyu bai wadatar wajen cin zaɓen shugaban ƙasa ba.

Sau ɗaya sunan Darwin ya yi amo sosai a al'amuran ƙasar nan. A wata hira da BBC a 2009, shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf ya lissafa nazariyyar cikin dalilansa na ƙin ilimin boko, tare da bayanin kimiyya kan yadda ruwan sama ke samuwa da kuma cewa duniya ƙwallo ce. Manyan malamai, ciki har da waɗanda su ma ba su yarda da maganar Darwin kan asalin mutum ba, sun yi masa raddi. Hujjarsu ita ce ɗalibi na iya sanin abin da wani masani ya faɗa, ya rubuta shi a jarrabawa, ba tare da ya mayar da shi aƙida ba, kuma mas'ala ɗaya ba ta haramta likitanci da aikin injiniya.

Inda batun ya shafi Yauri da Ngaski da Shanga

An fara gina Madatsar Ruwa ta Kainji a 1964 zamanin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kammala a 1968. Madatsar tana cikin Jihar Neja ta yanzu, amma tafkin da ta haifar ya miƙe arewa har Yelwa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga garuruwansu da gungunansu, da yawansu Gungawa da Kambari na masarautar Yauri. Tun daga lokacin, mutanen wannan gaɓa suke rayuwa da sakamakon shawarwarin da ake yankewa a nesa bisa lissafin masana, mai kyau ko maras kyau.

Babban misali shi ne zazzaɓin cizon sauro. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, kuma binciken ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba, inda aka samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada. Manya da yawa suna tuna lokacin da kulorokwin ke warkar da zazzaɓi cikin kwana uku. Abin da ya faru shi ne, 'yan ƙwayoyin cutar da ke iya jure maganin suka tsira, suka hayayyafa, har suka rinjayi sauran. A 2005 Najeriya ta sauya zuwa haɗin magungunan ACT. Yanzu an tabbatar da alamun jurewa sinadarin atemisinin, wanda shi ne ƙashin bayan ACT, a ƙasashen Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Sauro ma ya bi wannan hanya da sinadarin da ake shafa wa gidan sauro, shi ya sa aka koma raba sababbin nau'o'i masu ƙarin sinadari. Wannan shi ne sashen nazariyyar da ake gani a ɗakin gwaji, kuma a kansa ake tsara sayen magani na biliyoyin naira. A watan Disambar 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a jihohi biyu, Kebbi da Bayelsa.

Misali na biyu shi ne amosanin jini, wato sikila. A 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna cewa masu rukunin jinin AS sun fi samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani. Shi ya sa ƙwayar gadon ta yawaita a ƙasashen da sauro ya yi katutu: masu ɗauke da ita sun fi tsira a ƙuruciya, sai suka gadar wa zuriyarsu. Kusan ɗaya cikin kowane 'yan Najeriya huɗu ko biyar yana ɗauke da ita, kuma ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar kowace shekara. Limamai da dama da ke neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure suna aiki ne da wannan ilimi, ba tare da sun ga ya taɓa imaninsu da halittar Annabi Adamu (AS) ba.

Akwai kuma makarantar da za ta samar da masu wannan aiki. A ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka far wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, kuma sai a 2023 aka sako na ƙarshe daga cikin ɗalibai mata. Makonni uku kafin harin, a ranar 26 ga Mayu, wani jirgin ruwa ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse a kan hanyarsa ta zuwa Wara, kaɗan ne suka tsira, hukumomi kuma suka ɗora laifin a kan lodin da ya wuce ƙima. Imani da ƙaddara bai sauke wa shugaba nauyin ƙidaya fasinjoji da samar da rigunan kariya daga nutsewa da tsare makarantu ba. Yankin ya kuma nuna cewa ilimin zamani da riƙon addini suna zama a gida ɗaya. Mai Martaba Sarkin Yauri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya hau gadon sarauta a 1999, kuma Dokta Yusuf Tanko Sununu, likitan da ya wakilci Ngaski da Shanga da Yauri a Majalisar Wakilai, ya zama Ƙaramin Ministan Ilimi a 2023.

Idan shugaba ya yi watsi da hujja

Tarihi ya nuna cewa haɗarin yana tattare da shugaban da ke tilasta ra'ayinsa a kan abin da aka auna, ko da addini ko babu. Tarayyar Sobiyat ba ta yarda da addini ba, amma a 1948 gwamnatin Stalin ta haramta ilimin gadon halitta don goyon bayan Trofim Lysenko, abin da ya gurgunta binciken noma na shekaru. Babban masanin irin shuka na ƙasar, Nikolai Vavilov, ya riga ya mutu a kurkuku tun 1943. A Afirka ta Kudu, Shugaba Thabo Mbeki ya yi shakkar cewa ƙwayar HIV ce ke haddasa ƙanjamau, aka yi jinkirin raba magani, kuma masu bincike na Jami'ar Harvard sun ƙiyasta asarar rayuka sama da 330,000 tsakanin 2000 da 2005.

A gida kuwa, an dakatar da allurar shan inna a Kano daga 2003 zuwa Yulin 2004. Tsoron jama'a yana da tushe, domin ba a manta da gwajin maganin sanƙarau na kamfanin Pfizer a birnin a 1996 ba. Amma cutar ta bazu daga Najeriya zuwa ƙasashe kusan 20. Abin da ya dawo da amincewa shi ne shigowar sarakuna da malamai, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, har aka ayyana kawar da cutar daga Afirka a watan Agustan 2020. Masu addini ne suka ɗauki hujjar likitoci suka kai ta gida-gida.

Ma'aunin da magabata suka bari

Malaman siyasar Musulunci sun daɗe da yin magana kan cancantar shugaba. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya lissafa adalci da ilimi da lafiyar gaɓɓai da basira da jarunta cikin sharuɗɗan jagora. Ibn Taimiyya ya taƙaita su a kan ginshiƙai biyu, ƙarfi da amana, yana nufin iya aikin da kuma tsoron Allah a cikinsa. A ƙasar Hausa, al-Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan wajiban sarakuna a ƙarshen ƙarni na 15, Shaihu Abdullahi na Gwandu kuma ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano a farkon jihadi. Abin da ya fi yawa a waɗannan littattafai shi ne adalci, da shawara da masana, da tsare dukiyar jama'a, da sa ido a kan ma'aikata.

Mai zaɓe yana da 'yancin duba addinin ɗan takara, babu dokar da ta shiga zuciyarsa a rumfar zaɓe. Sai dai amsar da ɗan takara zai bayar kan asalin ɗan Adam ba za ta nuna yadda zai tafiyar da Ma'aikatar Lafiya ba, kuma abu ne mai sauƙi ɗan siyasa ya faɗi abin da masu sauraro ke son ji. Tambayoyin da suka fi tona asiri su ne waɗanda ke da shaida a tarihin aikinsa. Lokacin da yake gwamna ko minista, nawa ya ware wa lafiya da ilimi, kuma nawa aka saki? Wa ya naɗa a hukumomin da ke buƙatar ƙwarewa? Ya taɓa sauya wata manufa saboda alƙaluma sun nuna ba ta aiki? Idan masana suka zo masa da rahoton cewa maganin zazzaɓin da ake rabawa ya fara gazawa, zai saurare su ko zai kore su? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma waɗannan tambayoyi ne da ɗan kasuwar Yelwa da ma'aikacin sakatariyar Wara za su iya yi wa duk wanda ya zo neman ƙuri'arsu, Musulmi ne ko Kirista.